Dinu Lipatti da kiɗan Chopin: a saurari yatsun kafin a ji tausayi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan wani makaɗin fiyano ne ɗan ƙasar Romaniya, Dinu Lipatti, da faya-fayan da ya bari na kiɗan Chopin.

An haifi Lipatti a birnin Bukares a 1917, ya rasu a Jeneba ta ƙasar Suwizalan ranar 2 ga Disamba 1950, yana da shekara 33 kacal. Tun yana saurayi manyan sana'ar suka san da zamansa. A 1933 ya shiga wata gasa a birnin Biyana aka ba shi na biyu, sai fitaccen makaɗin nan Alfred Cortot, wanda yake cikin alƙalai, ya ga an tauye yaron, ya ajiye alƙalancin. Daga nan Lipatti ya tafi Faris ya yi karatu a hannunsa. Yaƙin duniya na biyu ya sa ya bar gida a 1943, ya zauna a Jeneba yana koyarwa, kuma a can ciwon daji da ake kira Hodgkin ya kama shi.

Duk wanda zai yi maganar Lipatti, da wannan ciwo yake farawa, da shi yake ƙarewa. Ni kuwa a ganina hakan ba adalci ba ne gare shi, domin idan ka sa faifan ka kasa kunne, babu inda za ka ji majinyaci yana neman a tausaya masa.

Mu ɗauki aikinsa da ya fi shahara. Frédéric Chopin, ɗan ƙasar Folan da ya yi rayuwarsa a Faransa ya rasu a 1849, ya rubuta gajerun kaɗe-kaɗe da ake kira wals, samfurin kiɗan rawar Turawa mai tafiya da bugu uku-uku. A watan Yulin 1950, bayan sabon maganin kotizon ya ɗan dawo wa Lipatti da ƙarfinsa, kamfanin faifai ya aika mai kula da naɗin faifai Walter Legge da kayan ɗaukar sauti zuwa Jeneba, aka naɗi guda 14 daga cikinsu. Bai jera su yadda suke a takarda ba. Ya yi musu jeri nasa na kansa, ta yadda mai nishaɗi da mai sanyin jiki za su riƙa karɓar juna, kunne bai gaji ba.

To, mene ne abin saurara a ciki? Kiɗan zamanin Chopin kiɗa ne na bayyana abin da ke cikin rai, shi ya sa makaɗa da yawa suke ganin an ba su lasisin zuzutawa. Sai ka ji mutum ya ja wannan gaɓa har ta kusa tsinkewa, ya ruga a waccan, ya danne abin takawa na ƙafa har sautuka suka cakuɗe. Alhali ɗaliban Chopin sun ruwaito cewa shi abin da yake koya musu shi ne hannun hagu ya riƙe lokaci, na dama ya yi walwalarsa. Kamar dai mai ganga ne ya tsaya kan bugunsa, mawaƙi ya ja murya ya sake ta, amma su haɗu daidai a kan gaɓa. Wannan shi ne abin da Lipatti ya iya fiye da kusan kowa. Hagunsa ba ya rawa. Damansa yakan ɗan jinkirta, ɗan jinkirin da ba ka lura da shi sai ya wuce, sannan ya cim ma tafiyar ba tare da gaggawa ba.

Ku saurari wals na biyu a jerin aiki mai lamba 64 cikin ayyukan Chopin. Akwai wani yanki mai sauri da yake dawowa har sau uku. A hannun wanda bai ƙware ba, maimaici ne kawai. A hannun Lipatti kowane sauti yana fita tas, ɗaya bayan ɗaya, ko da ya sassauta ƙarar har kana tsammanin za ta ɓace. Haka kuma na biyu a jerin aiki mai lamba 34, mai tafiyar hawainiya, wanda hannun hagu ne yake fara rera zaren kiɗan da murya mai kauri. Wurin nan tarko ne, domin da sauƙi makaɗi ya mai da shi koke. Lipatti ya bar shi a matsayinsa na kiɗan rawa, bugu ukun nan na tafiya a ƙasa, baƙin cikin kuma ya fito da kansa ba tare da an matso shi ba. Wannan kamun kai shi ne yake taɓa ni, kuma shi ne ya sa faifan bai tsufa ba duk da cewa na'urar 1950 ce ta ɗauke shi.

Wata biyu bayan haka, ranar 16 ga Satumba 1950, ya hau dandali na ƙarshe a garin Besançon na Faransa, jiki ya riga ya yi nisa. Ya kaɗa ayyukan mawallafan kiɗa Bach, Mozart da Schubert, ya shiga wals ɗin nan ya yi 13, ƙarfi ya ƙare kafin na ƙarshe. An naɗi wasan, yana nan har yau. Wanda bai san labarin ba, da wuya ya gane daga sautin cewa mai kiɗan da ƙyar yake zaune.

Akwai wani abu da ya faru daga baya wanda ya kamata duk mai son irin wannan kiɗa ya sani. An daɗe ana sayar da wani faifan babban kiɗan Chopin na fiyano da ƙungiyar makaɗa da sunan Lipatti, masana suna ta yabawa. Sai a 1981, bayan gidan rediyon BBC ya sa shi, wani mai sauraro ya gano cewa ashe aikin wata makaɗiya ce 'yar Folan, Halina Czerny-Stefańska. Kiɗanta mai kyau ne tun asali, amma sai da aka liƙa masa sunan wani da labarin mutuwarsa sannan duniya ta tsaya ta saurara. Abin ya yi mini ciwo saboda ita, ya kuma yi mini ciwo saboda shi, tunda ya nuna cewa wasu masu yabonsa labarin suke ji, ba yatsun ba.

Wanda yake son ƙari bayan wals ɗin, akwai sonata ta uku ta Chopin, wato dogon kiɗa mai sassa da dama, da Lipatti ya naɗa a Landan a 1947, da kiɗan mawallafi Schumann da ya yi tare da jagoran ƙungiyar makaɗa Herbert von Karajan a 1948. Duka suna samuwa a intanet.

Yanzu za mu sa muku wals na biyu daga aiki mai lamba 64, naɗin Jeneba na 1950. Ku bi hannun hagu da kunnenku tun daga farko, ku ƙirga bugu ukun, sannan ku ji abin da na dama yake yi a kansu. A sha sauraro lafiya.