Tortiyar Masara a Ƙasar Baƙunci: Abin da Ke Hana Ta Farfashewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ku dubi wannan farantin da ke gabana. Ta hagun nan ta farfashe kamar ɓawon tuwon da ya kwana a tukunya, ta dama kuwa ga ta na naɗe ta kamar tabarma, ko tsagewa ba ta yi ba. Dukansu da masara aka yi su, hannu ɗaya ne ya kwaɓa, a kasko ɗaya aka gasa. Bambancin yana cikin abin da aka yi wa masarar tun kafin ta zama gari.

Sunan wannan abinci tortiya. A ƙasar Meziko ita ce tuwon gida, ana cin ta safe da rana da dare, da ita ake ɗibar wake, a cikinta ake naɗe nama. Ba mamaki, domin can ne mahaifar masara. A kudancin Meziko aka fara nomanta shekaru kusan 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna teyosinte, kuma sai bayan zuwan Turawa nahiyar Amurka a 1492 ta ƙetaro teku har ta iso gonakinmu.

A nan Manchesta na koyi yin ta, a wajen maƙwabciyata 'yar jihar Wahaka ta Meziko. Wata rana na kai mata irin ta kanti wadda ake sayarwa cikin leda, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, sannan ta ce mini ita ƙanshin kawai take kewa, ƙanshin da ke tashi daga kaskon mahaifiyarta da asuba. Duk wanda ya taɓa zaga gari cikin sanyi yana neman daddawa ya san abin da take nufi. Sai na ƙudura zan yi mata da hannuna. Na sayo garin masarar tuwo a shagon kayan abincin Afirka, na kwaɓa, na mulmula, na danna. Kafin ya kai kasko ya watse. Na ƙara ruwa ya zama kunu, na ƙara gari ya koma tsaki. Da na nuna mata, sai ta ɗebi garin ta shinshina, ta ce: "Ƙawata, ai wannan masarar ba ta sha kal ba."

To, mene ne kal? Wani farin gari ne da ake samu idan aka ƙona farin dutse aka zuba masa ruwa. Mutanen Meziko suna dafa busasshiyar masara da shi, su bar ta ta kwana a cikin ruwan. Wannan aiki su ke kira nikstamal, kalmar da ta fito daga harshen Nahuwatul na Aztek, mutanen Meziko na dā, inda rabinta ke nufin toka, rabi kuma kwaɓi, saboda da tokar itace ma ana yi. Mu da turmi da taɓarya muke surfe mu fitar da dusa. Su kuwa ruwan kal ke narkar da dusar, ya ratsa cikin ƙwayar ya sauya ta, ta yadda idan aka markaɗa za ta yi danƙo ta kama jikinta. Masara ba ta da irin yauƙin da ke cikin alkama, shi ya sa garin tuwo ba zai taɓa shimfiɗuwa fale-fale ba, komai ƙwarewar mai kwaɓi.

Akwai wani abu da ya fi danƙon muhimmanci, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya. A cikin masara akwai bitamin B3, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya amfana da yawancinsa sai ruwan kal ya kwance shi. Turawa sun ɗauki masara suka bar wannan dabara a baya. Talakawan da suka dogara da ita kaɗai a Sifaniya da arewacin Italiya da jihohin kudu na ƙasar Amurka sai cutar felagira ta afka musu: fata ta yi baƙi ta tsattsage duk inda rana ke duka, ga gudawa, ga gushewar hankali. Wani likitan Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana ta a 1735, kuma sai daga 1914 Joseph Goldberger ya fara binciken da ya nuna cewa daga abinci take, ba ɗaukarta ake yi ba. Matan Meziko kuwa tun kaka da kakanni suna da maganin a cikin tukunyarsu.

Yanzu mu shiga aiki. Hanya mafi sauƙi ga wanda ke ƙasar waje ita ce ya nemi garin da aka riga aka yi wa nikstamal aka busar. Sunansa masa harina. Kada kalmar masa ta ruɗe ku, ba wainarmu ba ce, a Sifaniyanci kwaɓi take nufi. Wanda aka fi sani shi ne Maseca, na kamfanin Gruma da aka kafa a 1949, ana samunsa a shagunan 'yan Latin Amurka ko ta intanet. Ku karanta jikin ledar da kyau, domin polenta, wato garin masarar Italiyawa, da garin masara na yau da kullum suna kama da shi a ido.

Ga kofi 2 na gari, ga gishiri kaɗan, ga ruwan ɗumi kofi 1 da rabi. Ku riƙa zuba ruwan sannu a hankali kuna murzawa da hannu na kamar minti 3. Ku kalli yatsuna. Na mulmula ɗan ƙarami na danna shi a tafin hannu, kun ga bakinsa ya tsage? Ruwa yake so. Na ƙara cokali 2, na sake murzawa, yanzu ga shi sumul, bai tsage ba kuma bai manne a hannu ba. A nan yawancin mutane ke kuskure, suna tsoron ruwa, alhali garin nan mashayi ne. Ku rufe da tsumma mai danshi ya huta minti 20.

Sai a gutsura kamar girman ƙaramin lemon tsami, wannan kwaɓin zai ba ku guda 15 ko 16. A Meziko suna da ƙarfen dannawa mai marfi biyu. Idan ba ku da shi, ku yanka leda mai kauri gida biyu, ku sa curin a tsakani, ku danna da gindin tukunya. Ku juya ledar ku sake dannawa don kauri ya daidaita. Ledar za ku ɓare daga jikin tortiyar, kada ku ja tortiyar da kanta.

Kaskonsu sunansa komal, amma duk wani kaskon ƙarfe mai kauri zai yi. A bar shi ya yi zafi sosai, kuma ba a sa mai. Ku shimfiɗa ta, da zarar bakinta ya fara ɗagowa, kamar daƙiƙa 30, ku juya. Wannan gefen ya samu kusan minti 1 har ya yi ɗigo-ɗigon ja. Ku sake juyawa, ku ɗan danna tsakiyar da yatsa. Ku tsaya ku gani. Ga ta nan tana kumbura, tururin da ke ciki yana raba ta biyu yana dafa cikin. Ranar da tawa ta fara yin haka, maƙwabciyata ta tafa hannu, idonta cike da ƙwalla. Ku kwashe ku jera su cikin tsumma mai tsabta ku rufe, tururin juna ne ke ƙarasa laushinsu.

Wanda ke son ya fara daga ƙwaya, ga ma'auni: masara kilo 1, kal giram 10, ruwa kamar lita 3. A dafa a ƙaramar wuta minti 30 zuwa 45, har dusar ta fara saɓulewa idan an murza, amma tsakiyar ƙwayar da sauran tauri. A sauke ta kwana a ruwan, da safe a wanke a murje, a markaɗa da ruwa kaɗan. Ina roƙonku abu biyu. Ku sayi kal na abinci, ba na gini ba. Kuma kada ku dafa a tukunyar dalma, wato alminiyon, kal yana cin ta, ku yi amfani da ta ƙarfen da ba ya tsatsa (stainless steel) ko ta ƙasa. Na gwada da kanwa, dusar ta fita, sai dai kwaɓin bai kama haka ba, ɗanɗanon ma ya sha bamban. Wahalar wannan hanya tana wajen markaɗe, domin bilenda sai da ruwa da yawa take juyawa. Idan ya yi ruwa, ku ɗaure shi da ɗan masa harina.

Akwai kuma ta alkama, wadda aka fi ci a arewacin Meziko, musamman jihar Sonora. A al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ta, don haka idan za ku saya ku duba abin da aka rubuta, ko ku tambaya. A gida man shanu ko man gyaɗa ya wadatar.

Wadda ta rage ku sa ta a leda cikin firji, za ta kai kwana 3 ko 4. Idan za ku ci, ku yayyafa mata ruwa kaɗan ku mayar kan kasko mai zafi. Wadda ta bushe kuma kada ku zubar, ku yayyanka ku soya ku zuba mata miyar tumatir da attarugu, shi ne karin kumallon da suke kira chilakiles. Ni yanzu ga waken da na dafa tun ɗazu, ga yaji, bari in naɗe guda biyu in miƙa wa maƙwabciyata tun da zafinsu.