Ruwan na maƙwabta ne, in ji shi

Jama'a masu saurare, makon jiya na ga wani abu a layinmu wanda har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Famfo ya kwana huɗu bai kawo ko ɗigo ba, abin da duk wanda ya taɓa yin bazara a Damagaram ya saba da shi. Wani bawan Allah yana da rijiyar burtsatse a gidansa, yana barin mutane su ɗiba da safe, Allah ya saka masa. Sai ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara tara ba, da bido biyu a baro, ta bi layi kamar kowa. 'Yar wata tela ce 'yar ƙasar Togo, Kirista, wadda ke haya gida uku tsakaninta da shi. Da aka zo kanta, yaron gidan ya lanƙwashe tiyo a hannunsa, ya ce mai gida ya ce ruwan na maƙwabta ne. Yarinyar ba ta ce uffan ba. Ta juya baronta, bidon na ta ƙwaranƙwaran don ba kome a cikinsu. Mu manya muna tsaye, har da ni, ba wanda ya buɗe baki.

Na maƙwabta ne! Kuma a zauren gidan nan, kullum bayan Magariba, Riyadus Salihin ake karantawa.

To, mu buɗe shi mana. Imamu Nawawi ya ware babi sukutum kan haƙƙin maƙwabci, ya fara da aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, wadda ta haɗa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa. A nan ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake cewa Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. A nan ne yake gaya wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa, ya tuna da maƙwabta. Ku ji fa. Romo ake cewa a ƙara wa ruwa don ya isa a kai gidan wani, mu kuwa tsurar ruwan ne muka hana.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an gaya mini: wai maƙwabcin da ake nufi Musulmi ne. Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa. A cikin Al-Adabul Mufrad na Imamu Buhari, an yanka dabba a gidan sahabi Abdullahi ɗan Amru, sai ya shiga maimaita wa yaronsa cewa a kai wa maƙwabcinsu Bayahude, kuma hadisin Jibrilu ɗin nan ne hujjarsa. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya faɗa ƙarara cewa sunan maƙwabci ya haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba, mai ibada da fasiƙi, aboki da maƙiyi, baƙo da ɗan gari. Hasanul Basari ya ƙirga iyakar maƙwabtaka gida 40 gaba, 40 baya, 40 dama, 40 hagu. Ita tela gida uku ne. Wani kuma ya ce ai kuɗinsa ya sa ya haƙa rijiyar. Haka ne, ba wanda zai ja da shi. To ya fito ya ce ruwan na waɗanda ransa ke so ne, ya sakar wa kalmar maƙwabci mara, don ba shi ya ɗora ma'anarta ba.

Littafin da uwar yarinyar ke karantawa ran Lahadi ma bai bar kowa ya zaɓi maƙwabcinsa ba. A Linjilar Luka, sura ta 10, wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, sai aka ba shi labarin mutumin da 'yan fashi suka yashe kan hanyar Yariko. Mutum biyu suka raɓe shi suka wuce, dukkansu masu hidimar addini. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi kan dabbarsa, ya biya mai masauki dinari biyu, Basamariye ne, daga ƙabilar da Yahudawa ba sa ga maciji da ita. Ko a ƙagaggen labari haka abin yake. Waɗanda suka yi lise, wato babbar sakandare, za su tuna Les Misérables na Victor Hugo, na 1862: fursunan da ya shekara 19 a ɗaure, kowane gida ya rufe masa ƙofa, limamin Kirista ya ba shi makwanci, shi kuma ya sace masa cokulan azurfa ya gudu. Da jandarmomi suka dawo da shi, limamin ya ce kyauta ce ya ba shi, ya ƙara masa da alkukai biyu. Bayahude, Basamariye, ɓarawo. Duk littafin da ya ɗauki maganar nan da gaske, mutumin da ba ka so shi yake ajiye maka a bakin ƙofa, don kyautata wa wanda kuke sahu ɗaya a masallaci ba ya buƙatar wahayi.

Ba zan ce muku karatu kaɗai na gyara mutum ba, ina da shakka a nan. Ruwanda ƙasa ce mai cika coci, amma a 1994 an kashe mutane kusan 800,000 cikin kwana 100, da yawa a hannun maƙwabtansu, wasu ma cikin cocin, kuma gidan rediyo ne ke zuga su, abin da ya kamata ya sa duk mai riƙe makirfo irina ya shiga taitayinsa. Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, a garin nan na Damagaram, wato Zinder, saboda zanen ɓatanci da wata mujalla ta buga a Faransa, aka cinna wa coci-coci wuta, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar har da ɗakin karatunta, aka rasa rayuka. Zanen ya ƙona wa kowane Musulmi rai, ni ma haka. Amma waɗanda suka zana suna birnin Faris, waɗanda suka kwana cikin fargaba kuwa a Zinder suke, mutanen da muke haɗuwa da su wajen mai nama da wajen jana'iza. Masu ɗauke da fetur a ranar, da wuya a ce ba wanda ya haddace Arba'una Hadisi a cikinsu, mai hadisi na 15 da ke cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama maƙwabcinsa. An karanta. Sai dai kowa ya sa almakashi ya rage kalmar har ta zo daidai da mutanensa. A ƙaramin aiki bido biyu ne ke komawa gida ba ruwa, a babba kuma hayaƙi ne ke tashi.

Ranar da aka hana 'yarta ruwan, tela wurin 'yan ga-ruwa ta saya, a farashin bazara. Kuma rabin kayan Sallar yaran layinmu daga kekenta suke fitowa.

Malam, in kana saurare, ba don in tozarta ka na faɗa ba, shi ya sa ban kama suna ba. Babin na nan cikin littafin da ke kan buzunka. A daren nan a karanta shi tun daga ayar, a kira yaron da ya lanƙwashe tiyo ya zauna a gaba. Ni ma zan zo in zauna kusa da shi, tunda ina tsaye aka yi.