Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa injin ƙyanƙyasata ke daskarewa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Takardar farko ta yau daga wani ɗan'uwa ce a Kurna, yace ya haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da Arduino Uno, wato wata ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni, sensa na auna zafi, in ya kai digiri 37.5 sai hita ta mutu, amma in an kawo wuta ko an tada janareta wani lokacin sai abin ya daskare, allon ya tsaya kan lamba ɗaya hita kuma tana ta ci, har ya yi asarar ƙwai. Wani yace masa ya sa wocidog, shine yake tambaya menene shi kuma ya yake aiki.

Toh malam, Allah ya mayar da alheri, wallahi abin ya taɓa ni, kwana 21 mutum na jira sannan ya buɗe ya tarar ƙwai ya dahu. Kalmar wocidog dai ma'anarta kare mai gadi, amma ni karen mota nake tunawa. Kaga direban da ya ɗauko kaya daga Dawanau zai yi tafiyar dare, yaronsa na gefe yana sauraro, in dai oga na ɗan magana lokaci lokaci shikenan, in kuwa yaji shiru ya yi yawa ba tambaya zai tsaya yi ba, girgiza shi zai yi. Haka abin yake a cikin cif ɗin ATmega328P dake kan Arduino ɗinka. Akwai wani ɗan maƙirgi a ciki da ba abinda yake yi sai ƙirga, kuma da agogonsa daban mai bugu 128,000 a sakan, bai dogara da babban agogon nan mai bugu miliyan 16 ba, don haka ko firogiram ɗinka ya maƙale shi yana nan yana ƙirgarsa. Kai zaka zaɓa masa wa'adi, daga milisakan 16 har zuwa sakan 8. In ka rubuta wdt_enable(WDTO_2S) ka bashi sakan 2 kenan, duk sanda firogiram ya kira wdt_reset() ƙirgar ta koma sifili, in sakan 2 suka cika bai ji kira ba sai ya yi wa cif ɗin risat, komai ya faro daga farko kamar ka danna maɓallin da yatsanka.

Zargina a naka shine hayaniyar wuta daga rile, wato makunnin da ke kunna hita da kashe ta, ko janareta ce ke shiga wayar sensa, musamman in irin mai I2C ce, wato mai magana da cif ta wayoyi biyu, firogiram ya tsaya jiran amsar da ba zata zo ba har abada.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne yaranmu da yawa ke faɗawa. Inda ka ajiye wdt_reset() shine komai. Na ga wanda ya watsa shi ko'ina cikin kod kamar gishiri, har cikin ɓangaren da ke ta zagaye yana jiran sensar, wani ma ya saka shi a intarof na taima, wato ɗan kod ɗin da ke tashi da kansa lokaci lokaci ko da babban firogiram ya maƙale. Toh me ka yi kenan? Direba na barci amma rediyo na magana a madadinsa, yaron mota yaji murya ya ɗauka lafiya lau. Wuri ɗaya zaka sa shi, a ƙarshen loop, wato ɓangaren kod da ke ta maimaituwa, bayan an karanta zafi an kuma yanke hukunci kan hita. Sannan layin farko a setup, ɓangaren da ke gudana sau ɗaya in cif ya tashi, ya zama na kashe hita, saboda in an yi risat ta tashi a kashe. Kuma dan Allah ka gyara asalin ciwon, ka raba wayar sensa da ta rile, ka sa kafasita, mai rage hayaniyar wuta, kusa da cif. Akwai wata alama mai suna WDRF a rijistar MCUSR da ke nuna cewa wocidog ne ya yi risat ɗin, sai dai a Uno butloda, wato ɗan firogiram ɗin da ke fara tashi don karɓar sabon kod, kan goge ta kafin kod ɗinka ya fara, don haka mafi sauƙi ka sa allon ya rubuta wani abu duk sanda ya tashi, in kaga yana yawan fitowa kasan akwai sauran aiki.

Sai wata ɗaliba daga Hotoro, tace ta sayi Arduino Nano a Sabon Gari, tana kunna wocidog sai ƙaramar fitilar dake jikinsa ta dinga ƙyaftawa ba tsayawa kuma ya ƙi karɓar sabon kod, ko ya ƙone ne? Bai ƙone ba ƙanwata. Bayan risat wocidog ɗin na tashi a kunne da mafi gajeren wa'adi, milisakan 16, shi kuma tsohon butloda baya kashe shi, kafin ya gama nasa aikin an sake risat, haka zasu yi ta zagaye. Ki cire masa wuta gaba ɗaya tukuna, sannan ki samo wani Arduino ki yi amfani dashi ki saka masa butlodan Optiboot, irin wanda ke kan Uno, ki turo mana saƙo muji yadda ta kaya.