Dodon da Masu Fim Suka Toshe wa Baki

Jama'a masu saurare, akwai wata magana da ta ishe ni ji, wai wanda ya kalli fim ɗin ban tsoro ya hutar da kansa karanta littafin da aka ciro labarin. Ina! Abin da masu fim suka fi yawan cirewa shi ne ainihin abin tsoron, wato tunanin dodon da hujjarsa.

Ku ɗauki Frankenstein, wanda Mary Shelley ta wallafa a 1818 tana 'yar shekara 20. Halittar da Victor Frankenstein, mai binciken kimiyya a labarin, ya harhaɗa ta koyi magana ta hanyar laɓewa tana sauraren wani iyali, ta koyi karatu, sannan ta tsare shi a kan dutsen ƙanƙara ta zayyana masa yadda kowa ya guje ta saboda muninta, har da shi da ya haɗa ta. Babi bayan babi dodon ne ke ba da labari da bakinsa, har mai karatu ya rasa wa zai ɗora wa laifi. Fim ɗin 1931 da Boris Karloff ya fito a ciki a matsayin dodon fa? Gurnani kawai. Aka ma ƙara da cewa ƙwaƙwalwar wani mai laifi aka dasa masa bisa kuskure. Shi ke nan, an toshe masa baki, an kashe tambayar.

Haka aka yi wa The Shining na Stephen King, littafin 1977. Jack Torrance malamin makaranta ne da ya rasa aiki, yana kokawar barin giya, yana kuma son ɗansa, shi ya sa lalacewarsa a hankali take da ciwo. Dab da ƙarshe ma hankalinsa ya ɗan dawo, ya ce wa yaron ya gudu. A fim ɗin Stanley Kubrick na 1980 babu wannan. Tun fitowar Jack Nicholson ta farko a matsayin Jack Torrance ka san mutumin nan da sauransa. King bai taɓa ɓoye ƙin fim ɗin ba. A nan dai ina jinjina wa Kubrick, gwani ne, kuma fim ɗin da King ya rubuta da kansa don talabijin a 1997 bai kama ƙafar nasa ba. To amma gwanintarsa ba ta mayar wa Jack zuciyar da aka cire masa ba.

Masu kare su za su ce fim awa biyu ne, kyamara ba ta shiga zuciya. Wannan uzurin ragwaye ne. A 1963 Robert Wise ya mayar da littafin Shirley Jackson, The Haunting of Hill House, fim baƙi da fari. Bai nuna fatalwa ko ɗaya ba. Bugun ƙofa ne, da muryar Eleanor, jarumar labarin, tana zancen zuci, har ka kasa gane gidan ne ke da aljanu ko ita ce ke zarewa. Da aka sake shi a 1999 aka cika shi da dodannin kwamfuta, tsoron ya bi iska. Ashe ana iyawa, ba a so ne.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne I Am Legend. A littafin Richard Matheson na 1954, jarumin labarin, Robert Neville, ya gane a ƙarshe cewa masu shan jinin da yake bi yana kashewa da rana suna barci sun kafa al'ummarsu, kuma a wurinsu shi ne dodon. Nan labarin yake gaba ɗaya. Fim ɗin Will Smith na 2007 ya mai da shi gwarzon da ya tashi gurneti ya ceci duniya, su kuma aka bar su da ihu da cizo. An toshe musu baki su ma. Kuma ba rashin sani ba ne, domin sun ɗauki wani ƙarshen da ya fi kusa da na littafin, suka ajiye shi gefe, sai a faifan DVD aka fito da shi.