Yaren Masu Son Mota a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan rana ta yi sanyi a Birnin Kebbi, musamman a ƙarshen mako, za ku iya cin karo da motoci a jere a bakin wurin wanki ko a gaban wani gareji, masu su kuma suna zaune a kan benci ana zagayawa da shayi. A cikinsu akwai ma'aikacin gwamnati, akwai ɗan kasuwa da bakanike da dillali, har da ɗalibin da motar da ya zo da ita ta mahaifinsa ce. Son mota ne ya tara su. Baƙon da ya zauna a wannan majalisa zai ji Hausa ake yi, amma rabin zancen zai wuce shi, kuma zai ga an fashe da dariya a kan maganar da shi bai ga abin dariya a cikinta ba. Wannan yare nasu shi ne abin da za mu warware muku yau, domin kusan kowace kalma a cikinsa tana ɗauke da shekarar mota, ko hanyar da ta biyo ta shigo ƙasa, ko ciwon da aka san ta da shi.

Mu fara da sunaye. A wannan majalisa ba kasafai ake cewa Honda Accord ƙirar shekara kaza ba. Accord ɗin da aka ƙera daga 2003 ana kiran ta da wani laƙabi na Turanci mai nufin "magana ta ƙare", wanda bakin Bahaushe ya gajarta zuwa Diskoshon, kuma da kamfanin ya sauya mata fitilun baya a 2006 sai aka ce ai maganar ta ci gaba. Wadda ta biyo bayanta a 2008, mai tsawo da faɗin gaba, ita ce Anakonda, yayin da ta gabansu, wadda ta fito a 1998, matasan Arewa suka fi sanin ta da Henesi. Haka abin yake a gidan Toyota Camry. Mai ƙiba ta 1992 ita ce Orobo, kalmar da aka aro daga Kudu. Ta 1997 mai siririyar fitilar baya ita ce Fensir. Ta 2002 ita ce Big Dadi. Ta 2007 mai murɗaɗɗen jiki kuma Masul. Marsandin nan ta tsakiyar shekarun 1980, wadda murfin but ɗinta ya tsuke ta ƙasa, har gobe Bibut ake ce mata. Da dama daga cikin waɗannan sunaye a Kudu aka raɗa su, suka biyo dillalai zuwa Arewa, inda suka tarar da namu na gida irin su a-kori-kura da kiya-kiya da gingimari. Amfaninsu a fili yake: kalma ɗaya ta gaya wa mai saye zubin motar da zamaninta da kimanin kuɗinta, ba tare da an buɗe takarda ba.

Sai kuma kalmomin asali, kuma a nan ne Jihar Kebbi take da nata labarin, domin tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta ɓangaren Bagudo, tana kuma iyaka da Nijar ta Kamba da Dole Kaina. Motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje ana ce mata tokumbo, sunan da Yarabawa suke sa wa ɗan da ya zo daga ƙetaren teku. Ana kuma ce mata Beljiyam ko da daga Jamus ko Faransa ta taso, saboda tashar jiragen ruwa ta Antwaf da ke ƙasar Beljiyam ita ce babbar mafitar tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. Idan aka ce 'yar Kwatano ce, to a tashar Kwatano aka sauke ta, aka tuƙo ta ta ƙasa. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan aka rufe iyakokin gaba ɗaya a watan Agustan 2019, kuma ta Kamba ba a sake buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022. Shi ya sa idan sabuwar mota ta shigo majalisa, bayan an yi wa mai ita addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, wani zai tambaya cikin murmushi, "Ta ƙofa ta shigo ko ta taga?" Kowa zai yi dariya, amma tambaya ce ta gaske, wato ko an biya mata duti na halas, domin motar da takardunta na kwastan ba su cika ba tana iya kwana a hannun jami'ai a kan hanyar Yawuri zuwa Kwantagora, mai ita kuma ya dawo gida a motar haya.

Zuciyar majalisar dai ita ce tsokana, kuma wanda ya san wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarabawa, zai gane tsarinta nan take. Kowane gida na mota yana da abokin wasansa. Dattawan majalisa galibi mutanen Fijo ne, kuma suna da dalilinsu. A Kaduna aka fara haɗa Fijo a 1975, gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata, kuma shekaru da dama ita ce ta riƙe hanyoyin Arewa, daga tashar Jega zuwa Sakkwato, saboda tsayinta daga ƙasa da juriyarta a kan hanyar burji. Sai ka ji wani matashi ya russuna ya ce, da harshen Kabi da yake mayar da Fijo ta zama Hijo, "Baba Alhaji, ranka shi daɗe, yau da kanta tat tashi ko sai da anka tura?" Shi kuwa dattijon ba zai ko ɗaga kai daga kofin shayinsa ba zai ce, "Ɗana, ka gaishe ta da ladabi, wagga mota ita tak kai innarka asibiti ranar da anka haihe ka."

Masu Honda kuma abin da ake kama su da shi shi ne ƙafa. Accord ta waɗancan shekarun tana da wani haɗi a ƙafar gaba, wanda makanikai suke kira boljoyin, kuma nauyin gaban motar a kansa yake. Idan ya cinye ba a lura ba, ko aka sa na jabu, yana iya zarewa ana cikin tafiya, tayar ta karkace waje, gaban motar ya faɗi ƙasa. Mutanen majalisa sukan ce motar ta durƙusa gaisuwa, har su tambayi mai ita wane basarake ya wuce. Mai Honda ba ya rasa abin ramawa. Zai nuna Masul ɗin abokinsa ya ce a tambaye ta galan nawa na baƙin mai ta sha a wannan wata, domin injin Camry mai silinda huɗu na farkon wannan zubi ya yi suna wajen ƙona baƙin mai, ga kuma gaban motar na ciki da yake narkewa ya yi danƙo idan ya sha rana, abin da ba ya wuya a garin da zafinsa yake haura digiri 40 a watan Afrilu. Mai Fijo 406 ana ce masa ya ajiye mai gyaran wayoyin lantarkin mota a kujerar baya. Mai Marsandi kuwa ana ce masa ya auri 'yar sarauta, sadaki ba shi ne wahala ba, riƙo ne. Wanda na'urar sanyaya motarsa ta mutu, ya sauke gilasai huɗu yana shan iskar Allah, shi ne mai esin talaka.

A ganina wannan tsokana makaranta ce, kuma ta fi wasu makarantun koyarwa. Matashin da aka yi wa dariyar durƙuso sau biyu zai je ya sa a duba masa ƙafa kafin ya hau hanyar Koko, kuma wanda aka addaba da zancen baƙin mai zai koyi zaro sandar awon man kowace safiya. Ilimin da ba zai zauna a kai ba idan aka ba da shi da wa'azi, yana zama daram idan ya zo da dariya. Wasan kuma yana da iyaka da kowa ya sani. Ana zagin mota, ba a zagin aljihun mai ita. Ana iya kiran motar mutum akwala a gabansa, amma ranar da ta mutu masa a kan hanyar Argungu, waɗanda suka fi tsokanarsa su ne za su zo da igiya da bakanike. Motar da ta yi haɗari ba a wasa da ita, kuma yaro ba ya fara tsokanar babba sai babban ya buɗe masa ƙofa.

Akwai sashe ɗaya na yaren da ba na ƙaunar jin sa. Kalmomi irin su ba ta wuta, da ƙure maleji, da ƙona taya, ana faɗin su kamar kirari, kuma yaran da suke tsaye a gefe suna ji. Wasan mota da ake yi a wurin biki, a cikin unguwa, mutane sun yi da'ira, ya sha jefa iyalai cikin makoki a garuruwan Arewa. Mai son mota na gaskiya yana da inda zai kai sha'awarsa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda tarihinsa ya koma 1934, yana da gangamin motoci a cikin shirye-shiryensa, kuma Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors a Amurka, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi. Majalisun da suke da dattawa a ciki sukan kira mai tuƙin ganganci ɗan koyo, kuma babu sunan da ya fi wannan ciwo ga wanda yake jin shi gwani ne.

Inda yaren ya fi tsada shi ne wurin ciniki, domin a nan rashin jin sa yana cin kuɗi. Idan kuka ji ana tambaya ko indomin mota yana nan, ba zancen abinci ake yi ba. A cikin salansa akwai wani matacin hayaƙi mai ƙananan ramuka da ya yi kama da taliyar, kuma yana ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa ake fasa salansa a cire shi a sayar, a like wurin da walda. Motar da aka yashe wa indomi takan yi wari da ƙara, takan ƙara shan mai, kuma fitilar gargaɗin inji takan kama. Wannan fitila kuwa wasu masu sayarwa cire ƙwanta suke yi gaba ɗaya, saboda haka masana sukan murɗa makulli ba tare da sun ta da injin ba, su ga ko za ta haska tare da sauran. Idan ba ta haska ba, sai su ce an rufe mata baki. Fes bodi na nufin fentin da motar ta fito da shi daga kamfani yana nan, kuma ana gwada wannan da ɗan maganaɗisu, wanda ba ya kama wurin da aka cike da fila bayan haɗari. Fanka dairek na nufin an cire abin da yake daidaita zafin inji, an haɗa fankar lagireto ta riƙa juyawa ba tsayawa, gyaran da ya zama ruwan dare a garejojinmu ko da yake yana hana inji kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, tambayar "huɗu ce ko shida?" ta koma kan gaba, domin silinda shida da a da ake tinƙaho da ita yanzu tana iya rage wa mota masu nema.

Kalma ta ƙarshe ita ce afgiredin, wato a ɗauki tsohon zubi a sauya masa fitilu da bamba da gaba, ya koma kamar wanda ya fito bayansa da shekaru. A majalisa ana cewa an yi wa tsohuwa lalle. Babu laifi idan mai ita ya yi don kansa, amma akan sayar da irinta da kuɗin sabon zubi ga wanda bai sani ba. Abin da 'yan majalisa suke yi shi ne su leƙa lambar shasi da take ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Tana da harufa da lambobi 17, kuma a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka na goma a jerin shi ne yake nuna shekara: daga 2001 zuwa 2009 ana sa 1 zuwa 9, harafin A yana nufin 2010, B kuma 2011, haka har gaba. Idan dillali ya ce 2012 ce amma na goma ya nuna 8, to motar ta 2008 ce, kuma a kan wannan shekarar za a yi ciniki.