Silinda shida, uku na aiki uku na barci: yadda ake kashe rabin injin tirela

Jama'a assalamu alaikum. Ku ɗan kasa kunne ku ji wannan ƙarar tukuna. Injin tirela ne yana sulo, silinda shida, lita 15, irin Cummins X15 ɗin nan na manyan motocin Amurka. To ku sake saurara. Kun ji muryar ta canza ko? Ba wanda ya taɓa totur, silinda uku ne suka kwanta barci uku suna aiki. Da a garejin unguwa ne da tuni oga ya ce mota na misin, yaro kawo sifana a kwance nozul. Nan kuwa kwamfutar injin ce, birenbos ɗin nan, ta yi hakan da gangan.

Dabarar ba ta yau ba ce. Tun 1981 Cadillac da kamfanin Eaton suka fito da injin V8-6-4, mai tafiya da silinda takwas ko shida ko huɗu gwargwadon nauyin aiki, sai dai kwamfutar lokacin ba ta da saurin bin ƙafar direba, mota ta dinga fizga, shekara ɗaya aka janye shi daga yawancin motocinsu. Sai wajen 2005 abin ya dawo da ƙarfinsa a injin fetur, Chrysler a injinsu Hemi mai lita 5.7, GM ma da nasu.

To yaya ake sa silinda barci? Wani zai ce ai mai sauƙi ne, a yanke mata mai kawai. A'a malam. In ka yanke mai ka bar bawul, wato ƙofar shiga da fitar iska a silinda, na buɗewa yana rufewa, fistin ya zama famfo kenan, ya zuƙo iska mai sanyi ya tura ta salansa, wahalar banza. Dole a rufe bawul ɗin shiga da na fita gaba ɗaya. Ku kalli nan, tsakanin kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana danna bawul ya buɗe, da bawul ɗin akwai wani ɗan ƙarfe mai makulli a ciki, in kwamfuta ta ba da umarni sai baƙin mai ya shigo da ƙarfi ya ture makullin, ƙarfen ya saki jiki, kamshaf na juyawa yana turi amma turin ba ya isa ga bawul. Iskar da ta rage a ciki ta maƙale. Kun san famfon keke, in ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, kana saki zai turo hannunka baya? Haka fistin ɗin yake, ƙarfin da ya kashe wajen matse iskar in zai hau, yawancinsa yana dawo masa in zai sauko.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. A injin fetur ribar a fili take, don akwai wani faranti a maƙogwaron injin da ke shaƙe iska in ba ka taka totur sosai ba, injin na numfashi kamar mai mura, to in ka kashe rabi sai a buɗe wa sauran maƙogwaro su sha iska. Injin gas kuwa dama can ba a shaƙe shi haka, iska yake sha har ta yi masa yawa. Shi ya sa man da ake ragewa kai tsaye a tirela bai kai yadda 'yan talla ke zuzutawa ba. Ni a ganina asalin maganar zafi ce, zafin hayaƙi.

Bari ku ji. Tirelolin zamani a Amurka da Turai suna ɗauke da wata na'ura a salansa da ake kira SCR, ana fesa mata ruwan AdBlue, wanda yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa, e, dangin takin da kuka sani amma tsarkakakke, kar wani ya je ya jiƙa na gona. Aikinta ta mayar da NOx, wato gubar da ke fita a hayaƙin injin, ta koma naitirojin da ruwa. Amma fa ba ta aiki da sanyi, sai hayaƙi ya kai wajen digiri 200 zuwa 250. Mota na kan babbar hanya da lodi ba matsala, salansa ya yi jawur. Amma a goslo, ko layin tashar jirgin ruwa, ko motar kwasar shara mai tsayawa ƙofa-ƙofa, hayaƙin sai ya huce, na'urar ta zama hoto. Me injiniyoyi ke yi a da? Ƙarin gas suke ƙonawa don kawai a ɗumama salansa, man da ko taku ɗaya bai matsar da mota ba.

Ka ɗauki garwashi cokali shida ka raba a murhu shida, kowanne zai yi lis. Tara shi a murhu uku ka ga wuta. In silinda uku suka rufe, iskar da ke ratsa injin ta ragu sosai, ukun da suka rage kowacce na cin mai da ɗan yawa, hayaƙin ya fito da zafinsa, kuma ba a ƙona ƙarin gas don ɗumi ba. Nan ribar take.

A 2021 Cummins da kamfanin Tula, masu wata dabarar kwantar da silinda, sun sanar da sakamakon gwajinsu a kan X15 a yanayin aiki mara nauyi: NOx ya ragu da kashi 74, iskar kabon kuma da kashi 5, wato man ma kusan haka. Ku lura da tazarar, 74 da 5. Kuma abin da ke tura su doka ce, a Disamban 2022 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da ƙa'idar rage NOx na manyan motoci daga giram 0.2 zuwa 0.035 a kowane ƙarfin doki ɗaya na awa ɗaya, daga ƙirar 2027. A 2022 ɗin ne kuma Cummins suka saye kamfanin Jacobs, masu Jake Brake, burkin injin nan mai ɓarararra in tirela na gangara, don su ma sun daɗe suna aiki a kan makullin bawul ɗin.

Matsala fa akwai. Injin mai silinda shida a jere santsinsa daga jerin bugunsa yake, ka cire uku sai girgiza ta taso, direba ya ji ta a kujera da sitiyari. Shi ya sa dabarar Tula ba ta kwantar da silinda ɗaya kullum, a kowane zagaye kwamfuta ke zaɓar wadda za ta buga da wadda za ta tsallake. Sannan silindar da ta daɗe a rufe iskarta na sulalewa ta gefen ringi, sai ta fara zuƙo baƙin mai sama, dole lokaci-lokaci a buɗe mata bawul ta ɗan sha iska.

Masu tsohuwar DAF ko Mack da ke kwana a layin Apapa, na san abin da ke ranku, to cire wayar nozul uku ba shi ne wannan ba, bawul ɗinku na nan yana buɗewa, girgiza kawai za ku saya. Kuma ko a sabuwar motar, da zarar an ɗora mata tan talatin ta fuskanci hawa, direba ya taka, duk shidan ne ke farkawa, man da za ta sha a hawan nan sai ta sha shi.