Amsoshin Tambayoyinku: Sa'o'i biyun farko bayan tatsar madara

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya, mai kiwon shanu uku a gida. Ta ce da ta gama tatsa da asuba take saka madarar a firij cikin bokitin roba mai cin lita 10, amma kafin la'asar sai ta ji ta fara tsami. Ko firij ɗin ne ya lalace?

To Hajiya, da wuya laifin firij ne. Madara tana fitowa daga hantsa da ɗumin jikin saniya, wajen digiri 37, kuma a irin wannan ɗumi wasu ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu duk minti 20. Abin da ake so shi ne ta sauka zuwa digiri 4 cikin sa'o'i biyu. Iskar firij ba ta iya wannan aiki a kan lita 10, balle cikin roba mai riƙe zafi. Gefe zai yi sanyi, tsakiya tana nan da ɗuminta har azahar.

Ruwa ya fi iska saurin zuƙe zafi nesa ba kusa ba. Da kin gama tatsa, ki tace da farin ƙyallen da aka tafasa, ki raba madarar cikin ƙananan tukwanen ƙarfe marasa tsatsa, ki rufe. Ki tsoma su a baho mai ruwan rijiya na minti 10, ki zubar da ruwan, sannan ki zuba sabon ruwa da ƙanƙara. Lita 10 za ta ci kamar kilo 4 zuwa 5 na ƙanƙara. Robobin ruwan da suka daskare a firiza ma sun wadatar. Ruwan ya kai tsayin madarar, amma kada ya taɓa murfi. Duk bayan minti biyar ki juya da ludayi mai tsabta. Juyawar nan ita mutane ke raina wa, alhali ita ce rabin aikin. Ki tsoma ma'aunin zafi a tsakiya, kada ki dogara da taɓa tukunya. Sai ya nuna 4, sannan firij, can ciki, ba jikin ƙofa ba.

Wani makiyayi daga Maraɗi kuma yana tambaya ko zai iya zuba madarar safe a kan ta jiya da yamma. Malam, a'a, sai ka sanyaya ta safen daban tukuna. Mai ɗumi takan farkar da ƙwayoyin da sanyi ya kwantar, ka yi asarar duka biyun.

Ya ƙara da cewa garinsu babu wuta. To randa da jiƙaƙƙen buhu suna rage zafi, amma ba za su kai ka ko kusa da digiri 4 ba. Ka dafa madarar nan take, ka sayar, ko a yi kindirmo da ita. Dama sanyi ba ya kashe ƙwayoyin tarin fuka da na bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari), dahuwa ce ke kashe su: digiri 63 na minti 30, ko a bar ta ta tafasa.

Wankin kayan tatsa da tukwane kuwa, a fara ɗauraye su da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sannan ruwan zafi da sabulu, a kife su bushe. In aka fara da tafasasshen ruwa, ragowar madarar takan dafe a jikin tukunya, ta gurɓata tatsar gobe.